Ɗigo Biyu da Doguwar Lacca

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, hedimasta ne a makaranta, hedimasta ne kuma a gida. Yana cikin malaman da shirin UPE ya tarar a bakin aiki a 1976, lokacin da aka ce firamare ta zama kyauta, yara suka yi ta kwararowa har benci ya gagara, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Mutumin da ya saba tsayawa gaban yara saba'in ko tamanin da alli a hannu ba ya jiran amsar kowa, don in ya yi shiru na minti ɗaya ajin ya kaure. Da wannan sabon yake dawo mana gida a cikin badalar Kano, inda aka haife mu mu tara.

Bayan sallar isha'i ake zaman. Zai shimfiɗa buzunsa a ƙofar turaka, ya rage muryar rediyo, ya aika a kira mai laifi, sauran kuma mu biyo baya mu durƙusa, don a ji da kunnen kowa. Duk mun haddace yadda abin yake tafiya. Daga yadda ya je elementare ba takalmi ake farawa, a bi ta kan fitilar a-ci-bal-bal da ya yi karatu da ita, a zo kan mutanen zamanin Sardauna da irin tarbiyyarsu, kafin a iso kan tangaran ɗin da aka fasa. Yana yin tambayoyi, amma ba irin waɗanda ake amsawa ba. "Ni sa'anka ne?" "Haka ka ga ina yi?" In ka kuskura ka buɗe baki, ka ƙara wa kowa rabin awa. Sai mu sunkuyar da kai muna kallon tururuwa, muna cewa "To, Baba." Mutumin kirki ne, ban da wasa. Bai taɓa barinmu da yunwa ba, duka kuma ba halinsa ba ne. Amma har na yi aure na bar gidan ban taɓa jin ya ce wa ɗayanmu "me ya faru?" ya kuma tsaya ya ji ba.

Yayana wanda nake bi shi ya fi kowa shan wannan zama. Yana aji biyu na sakandare ya ce shi dai boko ta ishe shi, zai bi kawunmu Kantin Kwari. Dare bayan dare Baba yana kansa, har maƙwabta suka san labarin ta kan katanga. Ɗan hedimasta ya bar makaranta? Da wane ido zai kalli malaman da ke ƙarƙashinsa? Yaya bai ce komai ba, sai dai ya rame. Inna ce ta gano abin, kuma ba da niyya ba. Tana tsince shinkafa a tsakar gida ta ce masa, "Leƙa min agogon falo, ƙarfe nawa?" Sai ta ga ya shiga har tsakiyar falon, ya matsa gab da bango, ya kanne ido kafin ya faɗa. Ta ajiye faifan.

"Zo nan. Daga bakin ƙofa ba ka gani?"

"Ba na gani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun aji shida."

Dogo ne, don haka kullum a benci na baya ake ajiye shi. Shekara da shekaru allo a wurinsa hazo ne. Daga littafin na kusa da shi yake kwafa, in ya kwafi kuskure a zane shi, a ce masa daƙiƙi. An kai shi asibitin ido na Sabon Gari aka yanka masa gilashi, Baba ne ya biya ba tare da ya ce uffan ba. Daren ranar kuma aka yi zama a kan yaran da ke ɓoye wa iyayensu ciwo. Gilashin ya zo a makare, zuciyar Yaya ta riga ta bar makaranta. Yana Kwari har yau, yana sayar da shadda da atamfa, Allah kuma ya rufa masa asiri fiye da mu masu takarda.

Sai da na manyanta na soma fahimtar Baba. Kakanmu alaramma ne, bai so boko ba, mai unguwa ne ya zo ya ɗauki Baba da ƙarfin hukuma. Tun daga nan duk rayuwarsa yake ƙoƙarin nuna wa uban da ya riga ya rasu cewa bokon nan ba asara ba ce. Da ya tambayi Yaya dalili, da abin da zai ji shi ne sana'arsa ce ta kasa ganin ɗansa, cewa malamai irinsa sun yi shekaru suna dukan yaron da ba ya ganin allo. In yana magana, ba shi da lokacin jin wannan.

Na gama sakandaren 'yan mata aka yi mini aure, na haifi uku. Maigidana ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa, kuma kowa ya san yadda masana'antun Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun nan. Tasu ma ta bi sahu. Shi ya sa a ƙarshen 2004, da matar mai unguwarmu ta ce ana neman matan da suka iya rubutu don aikin rigakafin shan inna, na nemi izininsa ya ba ni.

Wanda bai ga lokacin ba zai yi wuya ya gane irin zafin da ke cikin gari. A 2003 wasu manya, ciki har da Dakta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'a, suka ce an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Shekarar ce kuma Amurka ta afka wa Iraƙi, kowane shago rediyo na kunne, zukata a tafashe. Ga kuma abin da ya faru a 1996 bai bar bakin mutane ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin yara kusan 200 a nan Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon, ba a dawo da shi ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma sayo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Daga lokacin zuwa shekarun da suka biyo baya cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiyar. A 2006 kaɗai yara sama da 1,100 ta shanye a Najeriya. Gwamnati ta janye haramcinta, amma ƙofofin gidaje ba su buɗe da sanarwar gwamnati ba.

Bitar da aka yi mana ita ma lacca ce. Aka tara mu a wani ɗakin taro, wani jami'i ya tsaya da lasifika tun hantsi har azahar. In an ce muku kaza, ku ce kaza. Mu da muke kwana muke tashi a cikin lungunan nan, muke jin abin da ake faɗa a gidan suna da wajen markaɗe, ba wanda ya tambaye mu me matan unguwa ke cewa. Aka ba mu akwatin ƙanƙara, da alli na rubuta alama a bango, da tawadar shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa. Ni ce mai rubutu. Takardata gurbi-gurbi ce: an ɗiga, ba ya nan, an ƙi. Sai daga baya aka ƙara wurin rubuta dalili.

In gida ya ƙi, sufabaiza ake kira. Tamu wata Hajiya ce, ma'aikaciyar jinya, mace mai ilimi da tsafta, wadda ta san aikinta ciki da bai. Wata rana muka kai ta gidan wani mai facin taya da ya hana mu shiga. Ya fito soro, hannunsa duk baƙin mai, ya shimfiɗa mana tabarma, ya tsuguna gefe. Hajiya ba ta zauna ba. A tsaye ta fara: yadda ƙwayar take shiga ta baki, yadda take shanye ƙafa, malaman da suka je suka gani da idonsu, gwamna da ya ɗiga wa yara da hannunsa, Saudiyya da ta fara neman shaidar rigakafi daga maniyyata. Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Can sai ya ɗaga hannu.

"Hajiya, in yi tambaya?"

"Bari in gama, Malam."

Ya bari ta gama. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba: "Daminar bara 'yata ta yi zazzaɓi. Cikin dare na saɓa ta a kafaɗa na kai asibiti. Aka rubuta mini takarda aka ce in je kyamis in sayo. Ba ni da ko sisi. Na fita neman rance, na tashi mutum biyu daga barci. Kafin in dawo an rufe ta da zanen uwarta. Ranar ba wanda ya yi sallama a ƙofar nan. Yau ga ku har gida, kyauta, da roƙo, da alewa, har da cewa za a kai ni wurin mai unguwa, a kan ciwon da ban taɓa gani a gidana ba. Shi ne nake so a fahimtar da ni."

Soron ya yi tsit. Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Wannan wani sashe ne daban, ba mu ba ne." Sai ta koma farko, yadda ƙwayar take shiga ta baki, da murya mai ƙarfi fiye da ta ɗazu. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce "To, na ji," ya naɗe tabarmarsa, ya shiga ya sa sakata.

Ni a raina na riga na yanke mata hukunci, na ce wannan mata ba ta da imani. Muna karya kwana sai na ga ta tsaya a jikin wata katanga tana share ido da gefen mayafi. Ta ce mini, "Me zan ce masa? Ni nake sayo wa asibiti magani? Kin san yara nawa suka mutu a hannuna don babu abin da zan ba su?" Ashe ta ji shi, ta ji fiye da yadda na ji. Amsa ce ba ta da ita, kuma an aiko ta a matsayin wadda ta san komai. Wanda aka ɗora wa rigar sani yana jin kunyar ya ce "ban sani ba," ya fi jin kunyar ya ce "gaskiyarka." Sai ya koma ga abin da ya haddace, don nan ne ƙafarsa ke taka ƙasa.

Washegari Iya ta ce a bar mata gidan. Iya tsohuwar ungozoma ce, ba ta yi boko ko na kwana ɗaya ba, amma rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibi. Ta ce in raka ta, in bar takarda da akwati a gida. Muka shiga wajen matar. Iya ta yi ta'aziyya, ko da yake an shekara da rasuwar. Ta zauna a kan turmi ta jawo kwaryar wake ta kama tsincewa ba wanda ya sa ta. Ta tambayi sunan yarinyar. Ta tambayi yadda ciwon ya fara, ko ta yi jijjiga, me aka fara ba ta. Matar ta yi ta bayani tana kuka, abin da ina jin tun ranar uku ba wanda ya sake tambayarta. Iya ta ga ƙaramin yana tari, ta ɗauke shi ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ce a kai shi sha-ka-tafi gobe da sassafe, ita za ta biyo ta raka su. Da mai gidan ya shigo ya gan mu fuskarsa ta canja. Iya ta riga shi.

"Ɗan nan, an gaya mini tambayar da ka yi jiya. Ni ma ban san amsarta ba. Amma tambaya ce ta gaskiya, kuma da ni ce kai da na yi ta."

"To Iya, ke kin yarda da abin nan?"

"Jikokina duk sun sha, a gabana. Ka san su, ka san iyayensu. In ka ga dama ka bari ka ga yadda za su yi. 'Ya'yanka ne."

Iyakar abin da ta faɗa a kan ɗigon ke nan. Bai yarda ranar ba, bai yarda a zagayen da ya biyo baya ba. An ɗauki watanni kafin ya aiko a ce in Iya ce za ta ɗiga da hannunta, a zo. Hajiya kuwa har aka canja mata wurin aiki in ya hango ta sai ya sauya hanya.

Kada a ɗauka ɓangarenmu ne kaɗai ke da masu lacca. Na sha ta daga wancan ɓangaren har na ƙoshi. Akwai wani dattijo da ya tsare ni a ƙofar gidansa rana tsaka, ya tara mini yara da matasa, ya yi ta yi: matar aure tana yawo gida-gida, 'yar aikin Yahudu da Nasara, mai sayar da zuriyar Musulmi a kan alawus. Bai tambaye ni ko da izinin mijina na fito ba. Bai tambaye ni ko nawa 'ya'yan sun sha ba. Ina lura da idonsa, ba ni yake kallo ba, taron yake kallo, yana jiran inda za a ce "ƙwarai kuwa." Irin wannan na sake gani a wurin namu jami'an ranar da baƙi suka zo daga Abuja. Ranar lacca takan yi tsawo ta yi armashi, har da kalmomin Turanci, a gaban matar da ba ta jin ko ɗaya, don da ma ba ita ake yi wa ba.

Matan kuma sun san maganin abin. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a musu da babba, ba a katse baƙo, don haka sai a ce "to." Mai lacca ya tafi da "to" ɗinsa yana murna ya gamsar da mutane. Na sha shiga gida a ce mini yara sun tafi gidan kakarsu, ina jin atishawa a ƙarƙashin gado. Na sha jin uwa ta raɗa wa mai ɗigo, "Don Allah shafa masa tawadar kawai, kada ubansa ya sake ni, kada kuma ku dawo." Akwai waɗanda suka riƙa yarda da haka, don takarda ta cika, a biya alawus, kowa ya huta. A takarda unguwa ta sha magani, a asibiti kuma ana kawo yara da ƙafa a saki. Mun yi shekaru muna zuba ruwa a kan tulu mai murfi, muna mamakin yadda bai cika ba.

Ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu wannan aiki a wurare biyu a cikin birnin Kano. Allah ya jiƙansu. Na dawo gida jikina na rawa, 'yan'uwa suka cika ɗakin, kowa da nasa jawabin, wasu na cewa da ma sun faɗa, wasu na cewa barin aikin rashin tawakkali ne. Bayan sun watse maigidana ya zauna a bakin gado ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ke me kike so ki yi?" Na ce ina tsoro. Ya ce shi ma. Muka yi ta magana har aka kira assalatu. Na zauna a gida wata da watanni, daga baya na koma.

Abin da ya buɗe ƙofofin daga ƙarshe ba ƙarin bayani ba ne, don bayanin bai canja ba tun 2004. Sarakuna sun shigo da ƙarfinsu ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, aikin ya sauko hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, mutanen da za ka iya tarar da su a ƙofar gida ka faɗi naka. An ɗauki matan unguwa 'yan sa-kai da ke zuwa suna da wankan jego ko babu zagaye. Waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu suka fara bin mu a kan kekunansu, kuma na lura su ba sa doguwar magana, mutane ne ke yi musu tambayoyi. Aka raba gidan sauro a 2009. Daga baya aka fara kafa rumfa a unguwa ranar ɗigo, a duba zazzaɓi, a ba da maganin tsutsar ciki da gishirin gudawa da farasitamol. Uwa ta zo don zazzaɓin ɗanta, a ɗiga masa a nan, ba gardama. Tambayar mai facin taya ce aka amsa, bayan kusan shekara goma, kuma ba a amsa ta duka ba. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014. A Borno aka ga na ƙarshe a ƙasar a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Ban ce wa'azi ba shi da wuri ba. Huɗuba ba a katse ta, malami a kan karatu a saurare shi. Amma a islamiyyarmu ta matan aure malamarmu ta karantar da mu cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana gudun ya gundure su, haka kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zaɓar musu lokaci. Ta kuma ba mu labarin saurayin da ya zo neman a yi masa izinin zina. Sahabbai suka taso masa, Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so wa mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, yana jiran amsarsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Mu da muka fi kowa iya kawo waɗannan labarai, a tsaye muke kawo su, da yatsa a sama.

Yanzu ma abin ya samu sauƙi, ba sai ka iya lacca ba, waya ta iya maka. Kwanakin baya 'yar ƙanwar maigidana ta yi yaji. Kafin magariba an cika mata WhatsApp da wa'azin haƙuri, kowa ya nemo malaminsa ya tura, wani na minti arba'in. Duk wanda ya tura ya ji ya sauke nauyi. Na aika aka kira mini ita, na sa ta yanka mini alayyafo, na ce, "'Yar nan, gaya mini." Abin da ta gaya mini ba na faɗa ba ne. Amma na fahimci dalilin da ya sa ba wanda ya tambaya. Duk wanda ya ji, dole ya sa mayafinsa ko hularsa ya je ya fuskanci mijin da iyayensa, wataƙila ya ɓata da su, wataƙila ya ba ta ɗaki a gidansa. Tura wa'azi ba ya cin ko kwabo sai data. Mu muka je, ni da maigidana, kuma har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarmu da daɗi.

Ƙafafuna sun gaji da zagaye, yanzu sababbin 'yan mata nake koya wa aikin. Don ɗigon bai ƙare ba, kuma tambayar da ake yi musu a ƙofa ta fi ta zamaninmu wuya: kun ce an kore ta, har an yi biki, me kuma kuka dawo yi? Amsar gaskiya tana da ɗan nauyi. Maganin yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. Yaron da ya sha yana fitar da ita a bayan gida na ɗan lokaci. A unguwar da kusan kowane yaro ya sha, nan take ƙarewa. A inda yara da yawa ba su sha ba, ga kwata a buɗe, ga ruwan sha ba tsafta, sai ta yi ta yawo daga wannan ciki zuwa wancan tsawon watanni, har ta sake yin ƙarfin da za ta shanye ƙafa. Wannan nau'in ne ake fama da shi yanzu a jihohinmu, maganinsa kuma shi ne kowa ya sha. Da yawa daga cikin ma'aikata suna tsoron faɗin haka, don sun san abin da zai biyo baya: "Ashe daga maganin naku take?" Sai su tsallake, su koma yadda ƙwayar take shiga ta baki. Mai gida kuwa ba yaro ba ne, ya san an tsallake masa wani abu.

A bitar da ta wuce na bayyana musu wannan dalla-dalla, na ce in an tambaye su su zauna su faɗa yadda yake, su bar mutum ya yi tambaya ta biyu da ta uku. Na ba su labarin Iya, Allah ya kai haske kabarinta. Wata yarinya mai kaifin baki ta ɗaga hannu daga baya.

"Mama, Iya gida nawa aka ba ta ranar?"

Na ce ɗaya.

Ta ɗago takardarta ta nuna mini jerin gidajen da aka rubuta mata, shafi cike har baya. "Ni duk waɗannan ake so in gama kafin la'asar, kafin ƙanƙarar ta narke. In na zauna tsintar wake a gida ɗaya, sufabaiza zai ce ban yi aiki ba, a yanke mini alawus. To yaya zan yi?"

Na ce ta yi zagayenta yadda aka ce, amma duk gidan da aka yi mata tambayar da ba ta da lokacin amsawa, kada ta rufe su da surutu. Ta ce musu za a dawo, ta rubuta mini gidan a bayan takarda. Ni da wasu tsofaffi biyu muke bin waɗannan gidajen da yamma, ba akwati, ba alli, kuma ba wanda yake biyanmu. Na kai maganar gaban shugabanninmu, na ce a ware mata na musamman don wannan, a sa musu alawus. Wani jami'i ya tsayar da ni a bakin ofis ya yi mini bayani mai tsawo a kan muhimmancin sauraron jama'a, sannan ya ce babu kuɗinsa a kasafin bana.